Kogon da Aka Toshe a Teburin Ƙirya

Rana ta yi ja, ta zame bayan tankin ruwan maƙwabta, inuwar katanga ta cinye tsakar gidan. Hedimasta yana zaune a kujerarsa ta bakin ƙofar falo, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, yana jiran kiran salla. Ya daɗe da barin aikin koyarwa, amma unguwar ba ta san shi da wani suna ba, kuma har yau in yaro ya gaishe shi da hannu a aljihu sai ya sa ya maimaita gaisuwar. Matarsa tana kicin, ana jin ƙarar murfin tukunya. Auta, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu cikin 'ya'yansu, tana falo, ta baza littattafanta na makarantar koyon jinya a kan sabon tebur.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin.

Ba tsakuwa ba ce irin ta yara masu harbin tsuntsu. Dutse ne mai nauyi. Ya daki kwano, ya gangaro a hankali kamar ana masa rakiya, ya faɗo gaban Hedimasta ya tsaya cak. Ya sunkuya ya ɗauka. Jikinsa da danshi da jar ƙasa, alhali an daɗe ba a ga ruwan sama ba.

"Wane marar tarbiyya ne wannan?" ya ce, ya miƙe ya nufi ƙofar gida.

Layin babu kowa, sai wata akuya da ke kwance gindin sandar lantarki tana tuƙa. Kafin ya juyo, wani dutsen ya sauka, wani ya biyo bayansa. Ya ɗaga kai ya zuba wa sama ido, bai ga ta inda suke fitowa ba. Ƙararsu kawai ake ji, sannan a gan su a ƙasa.

"Baban Auta, shigo ciki," in ji matarsa daga bakin kicin, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wannan ba jifan mutum ba ne."

"To na wa ne? Na akuyar can?"

Washegari ya tattara duwatsun a bokiti, ya sa hularsa, ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya. Ba diyyar kwano yake nema ba. So yake a fito masa da wanda ya yi, ya tsaya a gabansa ya ce shi ne, a gaban iyayensa. Maƙwabta suka karɓe shi da girmamawa, suka rantse yaransu suna gida a lokacin. Mai shagon kan kwana ya leƙa bokitin, ya taɓa dutse ɗaya, ya goge hannunsa a jikin wando, ya ce irin wannan jar ƙasa sai bakin rafi, kuma babu rafi a kusa. Hedimasta ya ce bai zo darasin ƙasa ba, ya ɗauki bokitinsa ya koma gida a fusace.

Da magariba ta yi, jifan ya dawo.

Shi teburin nan yana da nasa tarihin. Duk tsawon aikinsa Hedimasta ya yi fama da teburan makaranta na farin katako, waɗanda gara ke cinyewa daga ciki, sai malami ya jingina hannu ya ji ya burma. Ya daɗe da yi wa kansa alkawarin kafin ya mutu sai ya mallaki teburin da gara za ta zo ta koma da yunwa. Da ya shirya, ya je wajen Dogo kafinta, tsohon ɗalibinsa ne, wanda har yau in ya gan shi sai ya tofar da tsinken da ke bakinsa.

"Ranka ya daɗe, in wanda jikanka zai gada kake so, sai ƙirya," in ji Dogo. Ya ɗauko wani guntu mai duhun ja ya jefa cikin bokitin ruwa, ya nutse har ƙasa kamar ƙarfe. "Ka gani? Da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya, maƙera kuma gawayinta suke nema. Ƙusa ba ta shigarta sai an fara huda mata hanya, in ba haka ba ta lanƙwashe. Zartona kuwa sai na kai shi washi kafin a gama. Amma ruwa ba ya ratsa ta, gara ba ta iya mata."

Aikin ya ɗauki lokaci. Saman teburin katako ɗaya ne tal, mai kauri, an yanko shi daga tsakiyar babban gungume. Ranar da aka kira Hedimasta ya duba, ya zagaya shi yana shafawa, sai yatsansa ya faɗa wani ɗan rami a gefe, wanda babban yatsa ke shiga, mai zurfi, ciki baƙi wuluk.

"Wannan fa?"

"Halitta ce, ranka ya daɗe. Haka itacen ya zo. Sai a juya shi wajen bango, wa zai gani?"

"Ni zan gani. Tebur na ce ka yi mini, ban ce gidan ɓera ba. Tun kana aji uku halinka ke nan, ka bar aiki rabi ka ce babu mai gani."

Dogo ya yi dariya ya sosa ƙeya. Ya fere matoshi daga ragowar ƙiryar, Hedimasta ya karɓa ya ɗora a rular da ba ya rabuwa da ita, ya juya shi, ya ce ya yi. Aka kwaɓa gam da garin katako, aka shafa, aka buga matoshin da guduma har ya shige. Aka goge da samfefa, aka shafa mai. Ko shi Hedimasta sai ya kusantar da ido yake gane wurin. Maza majiya ƙarfi suka ɗauko teburin suna nishi suka shigar da shi falo, kuma a daren ranar ya yi barci mai daɗi.

Auta ce ta fara jin ƙwanƙwasar. Wata yamma, ana tsakar jifa, ta ɗago kai daga littafi.

"Baba, ka ji? Kamar ana buga teburin daga ciki."

Ya kara kunne. Can ƙasa-ƙasa, kamar farcen jariri a jikin ƙofa, ana bugawa, a tsaya, a sake bugawa.

"Katako ne yake bushewa," ya ce.

Bai yarda da maganarsa ba shi kansa. Ya san gungumen ya shekara a rumfar Dogo, babu sauran ruwa a jikinsa.

Daga nan yarinyar ta fara canzawa. Ta rage cin abinci, ta daina zuwa makaranta, ta daina yi wa uwarta tsiyar gishiri ya yi yawa. Da rana tana nan shiru kamar mai zazzaɓi. Amma da zarar hasken tsakar gida ya fara dusashewa, sai ta tashi ta shiga falo, ta durƙusa, ta kwantar da kuncinta a kan teburin, ta riƙa wata 'yar waƙar rarrashi a cikin maƙogwaro da harshen da babu wanda ya taɓa ji. Hannunta na dama yana karce gefen katakon. Ta karce har farata suka kakkarye, jini ya riƙa ɗiga a ƙasa, ƙirya kuwa ko alamar zane ba ta nuna ba.

Suka kai ta asibiti. Aka auna jini, aka duba ido, aka ce gajiyar karatu ce, a ba ta hutu. Hedimasta ya tsaya gaban likita ya ce yarinyar da ke magana da muryar da ba tata ba ba gajiya ke damunta ba, a rubuta masa sunan cutar ko a ce ba a sani ba. Likita ya sunkuyar da kai ya ce ba su sani ba.

A yammacin ranar ne ta yi magana da Hausa. Tana durƙushe, ba ta ɗago ba, wata murya mai kauri kamar ta tsohuwar da ta daɗe ba ta sha ruwa ba ta fito daga bakinta.

"Ku buɗe."

Uwar ta ruga ta buɗe ƙofar falo, ta buɗe tagogi, ta buɗe ɗakuna har da ƙofar gida, tana salati.

"Ku buɗe," muryar ta maimaita.

"Mun buɗe, baiwar Allah, ko wace ce ke. Ki fita, ki bar mini 'yata."

Ƙarar farce a jikin katako ta ci gaba.

Uwar ta juyo ta dubi mijinta, hawaye sun wanke mata fuska. "Baban Auta, ka gama da maƙwabta, ka gama da likita. Gobe zan kira Malam. In ka hana ni, wallahi zan ɗauke ta mu bar maka gidan da teburinka."

Ya lura da wani abu da bai faɗa mata ba. A daren, ya yi ta kara kunne, ƙwanƙwasar da ke cikin teburin ta daina.

Washegari Malam mai ruƙiyya ya iso bayan la'asar. Ɗan tsamurmurin dattijo ne, muryarsa ba ta wuce inda yake zaune, kuma bai zo da komai ba sai carbinsa. Ya nemi ruwa a kwano, ya sa aka shimfiɗa tabarma nesa kaɗan da teburin. Ya tambayi abin da ya faru daga farko, Hedimasta ya zayyana masa a jere, bai tsallake ko ɗaya ba, ban da maganar ramin, don bai ga abin da ya haɗa ta da zancen ba. Suka zauna suna jira. Hasken taga ya riƙa ja da baya a kan siminti. Aka ɗauke wutar lantarki, fanka ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya. Tsuntsayen da ke hayaniya a bishiyar maƙwabta suka yi tsit gaba ɗaya.

Auta ta shigo, ƙafafunta ba sa ƙara. Ta durƙusa a wurinta.

Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba, bai yi sauri ba. Ya daɗe yana yi babu abin da ya motsa. Can sai bayan yarinyar ya sandare, wuyanta ya juyo a hankali fiye da yadda wuyan mutum ke juyawa, idanunta suka sauka a kansa. Dutse ɗaya ya faɗo a kan kwano, bai gangaro ba.

"Ya isa," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Mai gida."

"Ga mai gidan nan zaune."

"Wannan baƙo ne. Tun kakan kakansa bai zo duniya ba nake cikin itacen nan."

"Me kike nema wajen yarinyar mutane?"

"Baki nake nema. Na yi jifa ba a ji ba."

Malam ya yayyafa ruwa a tabarma, ya ce ta faɗi abin da ke tafe da ita, kuma ta faɗi gaskiya. Muryar ta fara, a hankali, kamar mai jan kaya mai nauyi. Ta ce ƙiryar a bakin wani rafi take, kuma a kogonta ta haifi ɗanta. Wata rana ta fita, ta dawo ta tarar da kututture, masu injin yanka sun wuce da gungumen. Ta bi motar. Ta iske ɗan yana nan a cikin ɗan abin da ya rage na kogon, bai yi ƙwarin da za a fitar da shi ba. Ta jure ƙarar zarto, ta jure guga, tana shiga tana fita ta ɗan ramin tana shayar da shi, ba ta taɓa kowa ba, ko yatsan kafinta ba ta sa ya yanke ba. Sai wata rana ta dawo ta tarar babu ƙofa.

"Ku da kuke ratsa bango?" in ji Malam.

"Bangon ƙasa muna ratsawa. Farin katako duk ƙofofi ne. Wannan ƙirya ce. Abin da ya hana gara shiga, shi ya hana ni. Don haka ma muka zaɓe ta."

Uwar Auta ta dafe ƙirji. "Malam, a fitar da shi waje a cinna masa wuta, mu huta."

Yarinyar ta yi wata kuwwa da ta sa gilashin taga ya yi rawa. Ta rungume gefen teburin da hannu biyu. "Ku ƙona! Ku ƙona ku gani in za ku sake jin muryar 'yarku!"

"Babu mai ƙona komai," in ji Malam. "Ki natsu."

A nan Hedimasta ya miƙe. Muryar da ta fito daga bakinsa ita ce wadda ta yi shekara da shekaru tana tsayar da taron yara a filin makaranta.

"Ina da tambaya. Me yarinyar nan ta yi miki? Ita ta sare itacen? Ita ta tuƙa motar? Ki dubi yatsunta. In kina da ƙara, ki kai ta gaban mai laifi. Ba a kama na kusa don na nesa ya gagara."

Idanun suka juyo kansa. Bai taɓa ganin fuskar 'yarsa da tsufa irin wannan ba.

"Kai ne mai bokiti," in ji muryar. "Kai ne ka bi gida-gida kana neman wanda ya yi laifi ya tsaya gabanka. To ni ma shi nake nema. Wa ya ce a toshe?"

Matarsa ta dube shi. Ya tuna ƙarar gudumar Dogo, bugu bayan bugu, da yadda ya tsaya a kai har sai da wurin ya ɓace.

"Ni ne," ya ce. "Ban san da kowa a ciki ba. Amma ban taɓa karɓar rashin sani daga hannun ɗalibi ba, ba zan miƙa miki shi ba. Ki sake ta, ki kama ni."

"Me zan yi da tsohon jiki? Ɗa aka rufe mini, ɗa na riƙe." Muryar ta karye kaɗan. "Tun jiya bai ƙwanƙwasa ba."

Malam ya ajiye carbinsa. "Za a buɗe. In an buɗe, za ki ɗauki ɗanki ki tafi, ba ke ba gidan nan, ba ke ba yarinyar nan har abada. Ki rantse da wanda ya halicce ki."

"In na same shi da rai, na rantse."

"In kuma Allah ya riga ya karɓi abinsa?"

"To mun yi daidai da mai bokiti."

"Ba a rama kuskure da ganganci. Kuma rai ba a hannunki yake ba. In kika ƙi fita zan ci gaba da karatu har ki ƙone."

"Ka ci gaba. Tare za mu ƙone da ita."

Malam ya juya ga Hedimasta, ya ce ƙasa-ƙasa, "A kira kafinta. A yi sauri."

"Kada ƙarfe ya taɓa ɗana," in ji muryar. "Kada a sake buga masa guduma a ka."

Hedimasta da kansa ya fita. Rumfar Dogo a ƙarshen layin take, ya same shi yana rufe ƙofa. Bai yi masa dogon bayani ba. Da suka shigo falo Dogo ya ga Auta rungume da tebur, ya ji numfashin da ke fita daga ƙirjinta, jakar kayan aikinsa ta kusa suɓucewa.

"Ranka ya daɗe, ni fa iyalina ƙanana ne."

"Ajiye jakar. Yaya ake cire matoshin nan ba tare da bugu ba, ba tare da ƙarfe ya leƙa ciki ba?"

Dogo ya durƙusa nesa da hannun yarinyar, uwar ta haska masa da fitilar waya. Ya shafa gefen teburin har ya gano wurin, daidai inda jini ya bushe.

"Hanya ɗaya ce. A huda tsakiyar matoshin, a murɗa masa sukuru, a jiƙa gam ɗin, a ja. Amma in hujin ya zarce tsawon matoshin, bakin ƙarfen ya shiga kogon ke nan. Ni kuwa da ido na yanka shi, wallahi ban san tsawonsa ba."

"Inci biyu da kwata," in ji Hedimasta. "Na auna."

Ya zaro rula daga aljihu, ya ɗora a bakin abin hujin, ya zare zare daga gefen rigarsa ya ɗaure a inci ɗaya da rabi. "Nan za ka tsaya. Ko gashi ɗaya kada ka wuce."

Babu wuta, sai abin huji na hannu. Dogo ya kafa bakinsa ya fara juyawa. Ƙiryar ta ƙi. Ƙarfen ya riƙa zamewa a kan santsin man, sai da Hedimasta ya riƙe masa da yatsu biyu ya kama. Gari ja mai laushi ya fara zubowa kaɗan-kaɗan, da ƙaurin katako mai zafi. Malam ya koma karatu can ƙasan maƙoshi. Gumi ya jiƙa rigar Dogo. Duk juyi ɗaya, jikin Auta sai ya zabura, kamar a ƙashinta ake hujin. Duhu ya gama cika falon, babu abin da ake gani sai da'irar hasken waya, da ɗan farin zaren yana matsowa kusa da katako.

"Tsaya," in ji Hedimasta.

Dogo ya zare ƙarfen. Ya ɗauko sukuru ya fara murɗawa da sukundireba, ya shiga rabi ya cije. Ya ƙara ƙarfi, ya ji ƙarfen yana neman murɗewa a hannunsa, ya saki da sauri.

"In ya karye a ciki mun shiga uku. Mama, a ba ni sabulu."

Ta miƙa wa mijinta wayar, ta lalubo sabulu a duhu. Dogo ya warware sukurun, ya goga masa sabulu, ya mayar. Wannan karon ya shige yana ƙara kamar haƙori. Suka naɗa jiƙaƙƙen tsumma mai ɗumi a kewayen matoshin, suka jira gam ya sha ruwa. Muryar da ke jikin Auta ta koma waƙar rarrashinta, amma yanzu tana yankewa a tsakiya.

Dogo ya kama kan sukurun da filaya ya ja. Ko motsi. Ya tokare ƙafa a jikin ƙafar teburin ya sake ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Hedimasta ya mayar wa matarsa wayar, ya ɗora hannayensa a kan na Dogo.

"Tare. Bismillah."

Wani abu ya yi ƙara a cikin katakon. Suka murɗa hagu, suka murɗa dama. Matoshin ya leƙo kamar faɗin farce, ya tsaya, sannan ya fito gaba ɗaya, su biyun suka faɗi zaune a ƙasa.

Wata iska mai sanyi ta fito daga ramin, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayanta babu komai.

Auta ta ja jiki ta kai bakinta bakin ramin. Muryar ta kira wani suna gajere, a hankali. Shiru. Ta sake kira. Shiru. Malam ya daina karatu. Hedimasta yana zaune inda ya faɗi, matoshin a hannunsa. Bai taɓa roƙon Allah rayuwar abin da ba ya gani ba sai a wannan lokacin, kuma ya roƙa da dukan ƙarfin da ya rage masa. Kiran na gaba ba kira ba ne, kuka ne ya fara shiga cikinsa, yatsun yarinyar suka fara ƙanƙame gefen teburin.

Sai aka ji shi. Ɗan siririn sauti, kamar na ɗan kyanwar da aka haifa yau, ya fito ya yanke, ya sake fitowa.

Hannayen Auta suka saki teburin. Suka tashi a hankali, suka lanƙwashe a gaban ƙirjinta, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, kamar yadda ake tallafe kan jariri. Ta sunkuya a kan abin da babu wanda ke gani, kafaɗunta suna girgiza.

"Kin rantse," in ji Malam.

"Na rantse. Zan tafi."

"Saura abu ɗaya," in ji Hedimasta.

Malam ya ɗaga masa hannu. "Hedimasta, bar ta ta tafi."

"A'a, Malam. An zalunci yarinyar nan a gaban idona. Ba za a fita a bar maganar a ƙasa ba. A faɗa."

Matarsa ta kama gefen rigarsa tana ja. Dogo ya rufe ido. Kan Auta ya ɗago, idanun suka tsaya a kan tsohon, suka daɗe.

"Yarinyar tana da kirki," in ji muryar daga ƙarshe. "Kafin in shige ta, takan ɗora hannu a wurin ta ce wa ɗana ya yi haƙuri, ba ta ma san da wa take magana ba. Na cuce ta. Ku ce ta yafe mini."

"Za a faɗa mata. Ni ma ina neman gafararki."

"Wannan kuma sai na ga ɗana ya taka ƙasa da ƙafarsa."

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi. Labulen ƙofa ya ɗaga ya koma, ba tare da iska ba. Jikinta ya saki, ta tafi gefe, uwar ta tare ta kafin kanta ya kai ƙasa. Malam ya shafa mata ruwan kwanon a fuska. Suka jira. Can a wani gida aka ji jariri na mutane yana kuka, wani ya tayar da babur a layi, duniya ta dawo da ƙararta kaɗan-kaɗan.

Idanunta suka buɗe. Nata ne.

"Mama," ta ce, da ƙaramar muryarta ta kullum, a dashe. "Ƙishirwa nake ji."

Hedimasta ya ɗebo ruwa da kansa, rabi ya zube a hanya. Ya durƙusa ya miƙa mata kofin. Ta yi ƙoƙarin karɓa, ta kasa. Hannayenta suna nan a lanƙwashe a ƙirjinta, sun ƙi miƙewa. Ta dube su, ta dubi iyayenta.

"Baba, wa na ɗauka? Har yanzu ina jin ɗuminsa."

Ya kai kofin bakinta ya riƙe mata har ta shanye. Uwar kuma ta zauna a gefenta, ta kama yatsun nan masu rauni, ta shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya.